Cin abinci a ƙauyen Kecuwa: me ke cikin ramin, kuma yaya baƙo zai yi?

Bilkisu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasu ɗaliban aikin gona su shida da malaminsu za su je Peru a watan Yuni. A tsarin tafiyar an ware musu yini guda a wani ƙauyen Kecuwa, ƙabilar 'yan asalin tsaunukan ƙasar, kusa da birnin Kusko, har da cin abincin rana da mutanen gari. A takardar an rubuta "pachamanca". Dukansu Musulmi ne in ban da mutum ɗaya. Masu sani a taimaka: wane irin abinci ne, me za su ci, me za su bari, kuma ta yaya za su bari ba tare da ran masu gida ya ɓaci ba?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Pacamanka ake furta shi. A harshen Kecuwa "pacha" ƙasa ce, "manka" kuma tukunya, wato ƙasa ce tukunyar. Asalin gidansa tsakiyar tsaunukan Andis ne, wajen Huancayo da Huánuco da Ayacucho, amma yanzu ana yi wa baƙi shi a kewayen Kusko ma. Gwamnatin Peru ta sa shi cikin kayan gadon ƙasa a 2003.

Ga yadda aikin yake. Ana haƙa rami, zurfinsa kamar rabin mita, faɗinsa ƙasa da mita ɗaya kaɗan idan na mutum goma ne. Sai a jera duwatsu a bisa bakin ramin kamar ƙubba, a bar ƙofa, a hura wuta a ƙarƙashi. Galibi itacen turare suke ƙonawa, don shi ya fi yawa a can. Wutar takan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Alamar dutse ya yi ita ce baƙin hayaƙin da ya fara kama shi ya ƙone, dutsen ya koma fari-fari. Daga nan a kwashe garwashi, a yayyafa wa duwatsun ruwan gishiri don a kore toka, sai a shiga lodi da gaggawa, domin tun daga wannan lokacin zafi raguwa kawai yake yi.

Tsarin lodi shi ne sirrin. Abin da ya fi jinkirin nuna shi ke ƙasa: dankalin Turawa, dankalin Hausa, da wasu saiwoyi nasu irin su oka. A bi da duwatsu masu zafi, a shimfiɗa nama a kansu kai tsaye, a sake bi da duwatsu. A sama kuma abin da turiri kaɗai ya ishe shi: manyan wake da ɓawonsu, masara, da humita, wadda ɗanyar masara ce da aka markaɗa aka naɗe a ɓawonta, kusan kamar alale a ganye. Sai a rufe da ganye, a bi da jiƙaƙƙun buhuna, a binne da ƙasa har ya yi tudu. Minti 45 zuwa awa ɗaya da ɗan wani abu, gwargwadon yawan kaya, sai a tone.

Injiniya Sule: Malam, ka bar inda abin ke ɓaci. Na farko dutse. Ba kowane ake sawa ba. Dutsen rafi da ya sha ruwa, ko mai ɓawo-ɓawo, ruwan da ke cikinsa yakan zama turiri ya fasa shi, ɓarɓashin ya yi tsalle. Shi ya sa gida yakan ajiye duwatsunsa da aka riga aka gwada, shekara da shekaru ana amfani da su. Baƙi su ja baya lokacin da wuta ke ci, kada a je ana leƙe da waya.

Na biyu kafar turiri. Da zarar an binne, mai aikin zai tsaya da shebur yana zagaya tudun, duk inda ya ga hayaƙi na fita sai ya toshe. Kafa ɗaya ta isa ta sa dankalin gefe ya fito da gafi. Na uku kuma, ba a tonewa a leƙa a mayar. In an buɗe an buɗe ke nan, abin da bai nuna ba sai dai a kai shi tukunya.

Yakubu na Jos: Ni ina ganin kafin a yi nisa a tambayi masu shirya tafiyar: pacamanka ce ta gaske ko watiya? A kewayen Kusko, daga Mayu zuwa Agusta lokacin haƙar dankali ne, kuma abin da manomi ke ci a gona watiya ce, da Sifaniyanci suna rubuta "huatia". Ita ba ta buƙatar dutse. Busassun hoge na gona ake ɗorawa a yi ƙaramar ƙubba, tsayinta bai wuce gwiwa ba, manya a ƙasa ƙanana a sama. A hura wuta da busassun karan dankali da ƙirare kamar rabin awa zuwa minti 45, har cikin hogen ya yi ja. A janye garwashi, a jefa dankali ta ƙofa, a huda saman a ƙara zuba wani, sannan a rushe ƙubbar a kansa, a daddake, a rufe da ƙasa. Bayan kamar minti 40 a tone.

Da damina ba ta yiwuwa, don jiƙaƙƙen hoge ba ya riƙe zafi, ƙubbar ma ba za ta tsaya ba. Ga Musulmi ita ce mafi sauƙi, tunda asalinta ba nama. Da cuku ake ci da wani yaji mai ruwa, ucukuta, wanda ake niƙawa a dutse da barkonon rokoto da gyaɗa da wani ganye mai ƙamshi, wakatay. A yi hattara da rokoto: kamarsa ta tattasai, halinsa na attaruhu.

Hajiya Rabi: Yakubu ya taɓo inda gizo ke saƙa. Bilkisu, ki rubuta wannan ki tura musu. Matsalar pacamanka ba wai a tsame naman alade daga faranti ba ce. Rami ɗaya ne, duka naman a ciki yake: alade, rago, kaza, wani lokaci alfaka (dabbar kiwonsu mai gashi, dangin raƙumi) da ɓeran Masar. Kitsensu narkewa yake ya gangara kan dankalin da ke ƙasa, turirin kuma ya ratsa komai. Idan alade ya shiga ramin, magana ta ƙare.

Sai abin da ido ba ya gani. Naman kwana yake yi a jiƙe cikin haɗin tafarnuwa da barkono da wakatay da gishiri, kuma sau da yawa ruwan haɗin giyar masararsu ce, wasu ma giyar kwalba suke zubawa. Humita kuma akan kwaɓa ta da kitsen alade, "manteca" suke cewa. Haka miya ma, a tambaya da wane mai aka soya kayanta da kuma ƙashin me aka tafasa a ciki.

Sannan yanka. Rago da kaza ana yanka su a wuya. Ɓeran Masar galibi karya masa wuya ake yi. Alfaka da 'yar uwarta lama kuwa akwai tsohuwar hanyar makiyaya da ake kira "ch'illa", ana tsaga gefen ciki a sa hannu a tsinke babbar jijiya, ba a taɓa maƙogwaro. Ba ko'ina ake yin haka ba, amma baƙo ba zai gane da wace hanya aka bi ba daga kallon nama.

Bilkisu: Hajiya, to ai kamar ba abin da ya rage ke nan.

Hajiya Rabi: Ya rage da yawa, ƙanwata, in dai an yi magana da wuri. Mako guda kafin ranar, ba da safiyar ba, domin tun daren jiya ake jiƙa nama. Hanya uku ce. Ko a ce a yi musu watiya da cuku da wake da masara. Ko a roƙi rami daban na kifi zalla: akwai kifin ruwan sanyi da suke kira "trucha", ana kiwonsa sosai a yankin, ana naɗe shi a ganye ko takarda a sa a sama, minti 20 zuwa 30 ya ishe shi. Ko kuma su haɗa kuɗi su sayi rago a ƙauyen, ɗaya daga cikinsu ya yanka kwana ɗaya kafin ranar, a jiƙa da lemon tsami maimakon giya. Rago ƙarami ya ishi baƙi bakwai da masu gida har a raba wa maƙwabta. Wannan ta uku ta fi tsada, amma ta fi daɗi ga kowa, don kuɗin a hannun makiyayin garin zai tsaya.

Malam Nasiru: Batun ɓeran Masar a bar wa malaman fiƙihu, amma a san matsayinsa. Sunansa "quwi", a ɗakin girki ake kiwonsa, yana yawo kusa da murhu don ɗumi, ana ba shi ciyawa da ɓawon dankali. Ba abincin kullum ba ne. Na biki ne da babban baƙo, kamar yadda a gidajenmu ake kama zakara idan suruki ya zo. Wanda aka ajiye wa shi gaba ɗaya a faranti ya ture, ya ture karamcin gida ne. Wannan ma dalili ne na faɗa tun kafin a kashe dabbar.

Injiniya Sule: A nan zan ɗan saɓa da masu cewa ƙin cin abinci babban laifi ne da ba ya gyaruwa. An cika zuzuta abin. A ƙauyukan nan akwai mabiya majami'un da ba sa shan giya ba sa tauna koka (ganyen da ake sarrafa hodar iblis daga shi), kuma Kiristoci 'yan ɗariƙar Adventist, waɗanda suka yi ƙarfi a wajen Puno tun farkon ƙarni na 20, ba sa cin alade sam. Saboda haka "addinina ya hana" ba baƙuwar magana ba ce a kunnensu. Abin da ke ɓata rai shi ne yatsine fuska, ko sunsuna abinci, ko a bar faranti a ƙasa a tashi. Akwai kuma al'adar da ke ceton baƙo: abin da ka kasa cinyewa kana iya ƙullewa a leda ka tafi da shi, ba abin kunya ba ne, su ma haka suke yi a bukukuwa. Kowa ya sa leda a aljihu.

Hajiya Rabi: Leda tana maganin ƙoshi, Injiniya, ba ta maganin kitsen da ya riga ya shiga dankali. Amma na yarda da kai a kan sauran.

Malam Nasiru: Sai abin sha. Cica iri biyu ce, kada sunan ya ruɗe su. "Chicha de jora", da Kecuwa "aqha", daga tsirarriyar masara ake yin ta, a tafasa a bar ta ta kwana biyu ko fiye a tulu. Ƙanwar burkutu ce, ko da ƙarfinta kaɗan ne. Gidan da ake sayar da ita za a ga doguwar sanda a ƙofa da jar leda a ɗaure. Akwai wata mai ruwan hoda da ake kira frutiyada, ita ma wannan ce aka ƙara wa 'ya'yan itace, kada launin ya yaudari kowa. "Chicha morada" kuwa baƙar masara ce aka tafasa da ɓawon abarba da kirfa da kanumfari, ba a bari ta yi tsami, tana kusa da zoɓo.

Kafin a sha, mai gida zai ɗiga kaɗan a ƙasa don Pacamama, wato Uwar Ƙasa a aƙidarsu. Haka kuma akan haɗa ganyen koka uku, "k'intu", a hura musu iska ana fuskantar manyan duwatsu. A kan tudun pacamanka ma wasu kan kafa ƙaramin gicciye da furanni, a zaɓi wani baƙo ya zama uban ramin ya fara tonewa. Waɗannan ba wasa ba ne a wurinsu, ibada ce da roƙo, ko da masu yawon buɗe ido sun mayar da su abin hoto. Mai ja-gora ya sanar tun farko cewa baƙin za su tsaya su kalla da girmamawa amma ba za su yi ba. Ba sai an buɗe wa'azi a kan abinci ba.

Dakta Umma: Kuna ta maganar ciki, kun manta numfashi. Kusko tana kan tudun mita 3,400 sama da teku. Garin Chinchero da ke kusa da ita ya kai kusan 3,760, wasu ƙauyukan dankali sun fi haka. Jos da muke kira tudu mita 1,200 ce da ɗoriya, Chappal Waddi kuma, ƙololuwar Najeriya a Taraba, 2,419. Daga Lima da ke bakin teku zuwa Kusko bai kai awa ɗaya da rabi a jirgi ba, jiki bai samu lokacin sabawa ba. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci da rashin son abinci sukan fara awa 6 zuwa 12 bayan sauka. "Soroche" suke kiransa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mutanenmu: kowa ya san rukunin jininsa kafin a sayi tikiti. Mai sikila, SS ko SC, bai kamata ya hau wannan tudu ba sai da izinin likitansa. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, ƙarancin iskar oksijin na iya toshe masa jijiyoyin saifa. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagun ciki ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa, a kwanakin farko. Kada a ce abincin jiya ne. A je asibiti, a gaya musu yana da AS, a sauko ƙasa.

Dabarar da ta fi: daga filin jirgi a wuce kai tsaye kwarin Urubamba, mita 2,870, ko Ollantaytambo, kusan 2,800, a kwana biyu, sannan a hau. Ranar ƙauye kada ta zo kafin kwana na uku. Akwai maganin acetazolamide, miligiram 125 safe da yamma, ana farawa kwana ɗaya kafin hawa, amma likita ne zai rubuta, don yana sa yawan fitsari, mai AS kuma rashin ruwa a jiki abokin gabarsa ne. Abinci mai nauyi da rana, da dare miya kawai.

Yakubu na Jos: Dakta, shayin koka fa? Duk masauki shi suke miƙa wa baƙo.

Dakta Umma: A Peru halal ne a doka, kuma kofi ɗaya ba ya bugarwa. Amma yana fitowa a gwajin fitsari a matsayin hodar iblis na kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Kuma ko ƙullin shayi ɗaya kada ya kwana a jakar dawowa, filin jirgi ba ya jin "ai shayi ne". Su nemi shayin munya, wani ganye mai ƙamshin na'ana'a, yana kwantar da ciki.

Abu uku kuma. Ruwa a tudun Kusko yana tafasa a wajen digiri 88 zuwa 89, don haka a bar shi ya yi minti uku yana tafasa. Cukun ƙauye yawanci daga ɗanyar madara ne, a ci wanda aka soya ko aka gasa a rami. Ɗanyen ganyen bakin rafi kuma a bar shi, tsutsar hanta ta tumaki da shanu tana da yawa a yankin kuma ta nan take shiga mutum. Abin da ya fito daga rami da zafinsa shi ya fi komai aminci.

Yakubu na Jos: Tunda ɗaliban gona ne, Yuni ya yi musu daidai, don lokacin cunyo ne, a rubuce "chuño". Da rana rana ƙwal, da dare sanyi ya sauka ƙasa da sifili. Sai a baza ƙananan dankali a fili kan busasshiyar ciyawa, su daskare da dare su narke da rana, kamar kwana uku. Idan sun yi laushi kamar jiƙaƙƙen soso, a tara su a tattake da ƙafa ba takalmi, ruwan ya fita, ɓawon ya saɓule. A sake shanyawa har su bushe ƙarau. Wannan shi ne baƙin. Farin, da ake kira moraya ko tunta, ana kare shi daga rana, bayan ya daskare a sa shi cikin ruwa mai gudu mako uku zuwa huɗu, sannan a shanya. Nauyin yakan koma kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma yana shekaru a rumbu.

Hikimar ba ajiya kaɗai ba ce. Irin dankalin da ke jure sanyin can sama ɗaci gare shi, ɗacin kuma guba ne, wannan aikin ne ke fitar da shi, kamar yadda jiƙo da matsa ke yi wa rogo mai ɗaci. Inda ake samun asara shi ne idan gajimare ya rufe sama aka rasa daskarewa a dare na biyu, sai dankalin ya fara ruɓewa. A miya za su haɗu da shi, an jiƙa shi ya kwana an matse an fasa da hannu. Warinsa na ƙasa-ƙasa ne, wanda ya saba da daddawa ba zai sha wuya ba.

Kuma su nemi a kai su Parque de la Papa da ke saman garin Pisac, inda ƙauyukan Kecuwa ke kula da irin dankali fiye da dubu. Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima ta mayar musu da iri sama da 400 bayan yarjejeniyar 2004. Abin da muke kira na Turawa, a nan mahaifarsa take. Amma kada wani ya ɗauko ƙwaya a aljihu wai zai gwada a Bokkos. Doka ta hana, kuma ta haka cutar gona ke ƙetare teku.

Hajiya Rabi: Tsaraba kuma: kada a ɗauki kilishi daga gida, masu binciken kayan gona za su ƙwace a Lima. Su ma suna da nasu, "ch'arki", busasshen naman alfaka ko lama da gishiri, ba tunkuza ba yaji. Abin da ake kai wa gida a ƙauye shi ne burodi, lemo, ayaba, sukari, shinkafa, man girki, a saya a kasuwar Pisac ko Urubamba. Amfanin ƙasa mai zafi ba ya tsirowa a can sama, shi ya sa 'ya'yan itace ke da daraja. A miƙa wa uwar gida, ba yara ba. Ganyen koka a wurinsu kamar goro ne a wurinmu, shi ake fara miƙawa, amma wanda ya zo da burodi da lemo bai yi laifi ba.

Kuɗi a riƙe ƙananan takardun sol, kuɗin Peru, masu kyau, yagaggiya ba ta karɓuwa, canjin babba kuma babu. Idan an shimfiɗa saƙa bayan abinci, kada a yi tayin wulaƙanci, mayafi ɗaya aikin makonni ne.

Malam Nasiru: Ga 'yan kalmomi na Kecuwar Kusko, don tsofaffi mata da yawa ba sa sakewa da Sifaniyanci. Gaisuwa "Allillanchu?", amsa "Allillanmi." Namiji babba "tayta", mace "mama". Godiya "sulpayki" ko "añay". Abinci ya yi daɗi, "sumaq". Wadda za su haddace kuwa: "Manan khuchi aychata mikhunichu", wato ba na cin naman alade. A gaisa da kowa hannu da hannu ɗaya bayan ɗaya, macen da ba ta musabaha ta ɗora hannu a ƙirji ta ɗan rusuna. A zauna inda aka nuna, a karɓi kwano da hannu biyu. Dankali da yatsu ake ɓare shi, a tara ɓawon wuri ɗaya don na dabbobi ne.

Bilkisu: Allah ya saka da alheri. Na tura wa malamin. Ya ce za su zaɓi rago da watiya, ya kuma tambaya ko duwatsun da aka taɓa gasa alade da su za su yi.

Injiniya Sule: Awa biyu a wuta ba ta barin kitse a kan dutse, amma hukuncin na malamai ne. In ana son kauce wa tambayar gaba ɗaya, a gina watiya babba da hogen gonar, a yanka naman ƙanana, a naɗe a takarda mai kauri ko a sa a tukunyar ƙasa mai murfi, a tura ciki kafin a rushe. Hoge bai kai dutse riƙe zafi ba, don haka yanka kada ya wuce kaurin yatsu biyu, kuma a ba shi awa guda cur kafin a tone.